Tutu tana da suna, mai nono fa?

A 1906 Aina Onabolu ya zana Misis Spencer Savage a Legas, daga nan ake fara lissafin zanen fuska na zamani a Nijeriya. Manyan gari ne ke zama gabansa, su biya, a rubuta sunansu. Da aka mayar da sashen koyon zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya a 1955, sai salo ya sauya: a kawo mutum ɗakin zane, ya zauna shiru, ɗalibai su kewaye shi da fensir. Cikin ɗaliban akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1958 don kada koyarwar Turawa ta shafe abin da suka gada. Sunayen ɗaliban sun shiga tarihi, na masu zaman kuwa ba a damu da adana su ba.

Ben Enwonwu ne ya nuna abin da suna ke yi wa zane. Yana koyarwa a jami'ar Ife ya ga Adetutu Ademiluyi, wato Tutu, jikar wani tsohon Ooni, sarkin Ife, ya zana ta har sau uku tsakanin 1973 da 1974, ta juyo da kai, ɗankwalinta a naɗe, dogon wuyanta a miƙe. Shi Ibo, ita Bayarabiya 'yar sarauta, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Shi ya sa mutane suka ɗauki Tutu tamkar alamar sulhu, suka riƙa rataye kwafinta a falo. Zanukan uku duk sun ɓace, sai a 2017 aka tsinci ɗaya a wani gida a Landan, aka yi gwanjonsa a 2018 kan fam miliyan 1.2. A 2019 wani zanen nasa na 1971, Christine, ya kai fam miliyan 1.1, kuma a hannun dangin matar da aka zana yake tun farko.

Mu a nan Arewa fuskar matanmu ta yi farin jini wurin masu zane, amma ba suna. Bafillatana mai ƙwarya a ka, irin wadda ke shigowa kasuwar Shagari da Boɗinga da nono da man shanu, an zana ta ba adadi, taken kuwa bai wuce 'yar Fulani ko mai tallar nono ba. Har bayan takardar naira goma ta hau a 1979, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa. Alvan Ikoku na gaba da sunansa, matan biyu na baya babu.

Akwai dalili. Malamanmu da yawa ba sa son zana mai rai, kunya kuma ba ta barin mace ta yini gaban baƙon namiji yana ƙare mata kallo. Yawancin masu zanen matafiya ne, sun hango ta a hanya ko sun kwafa daga hoto. Duk da haka abin yana ci mini rai, domin tambayar suna ba ta fi ƙarfin kowa ba. Dangin Christine sun san tasu ce a jikin bango. Iyalin wata ruga a ƙasar Shagari, ko da zanen kakarsu na rataye a Legas ko Landan, ba su da hanyar da za su bi su gano shi.