Kafin a kai mai gigin tsufa gidan kula da tsofaffi

Mu a wajenmu abin kunya ne, na sani. Amma dattijon da yake ficewa da dare ya ɓata, tsaronsa ya fi ƙarfin mai sammakon zuwa kara. A fara ganin likita tukuna. Asibitin UCH na Ibadan yana da sashen tsofaffi tun 2012. In an zo zaɓen gida, ni tambayata ta farko ita ce: akwai ma'aikaci mai jin Hausa? Mai wannan ciwon yakan manta Yarbancin da ya koya da girmansa, ya koma harshen uwa. Sannan a leƙa da dare ba sanarwa, a ga mutum nawa ke aiki, ko ƙofa na kulle. A kuma tambayi naman, yankan wa ne.