Majami'un ƙauyukan Brionnais a ƙarni na 11 da na 12: tarihin gini da tarihin suna

Gabatarwa

A kudancin Bourgogne, cikin jahar Saône-et-Loire ta ƙasar Faransa, akwai wani ɗan yankin karkara da ake kira Brionnais, wanda kogin Loire ya yi wa iyaka daga yamma. Ƙasa ce ta tuddai da makiyaya, inda ake kiwon fararen shanun Charolais, kuma kasuwar shanu ta Saint-Christophe tana ci tun 1488. Babu babban birni a yankin, amma akwai majami'u fiye da 30 waɗanda duka gininsu, ko wani sashe nasa, ya samo asali daga ƙarni na 11 da na 12. Irin wannan gini shi ne Faransawa suke kira « roman ».

A cikin wannan maƙala za mu duba abu uku: inda wannan suna ya fito, dalilan da suka sa ƙauyuka suka samu irin waɗannan gine-gine, da kuma yadda magina suka shawo kan nauyin dutse. Tambayar da ke ƙarƙashin duka ita ce: shin majami'ar ƙauye gurɓataccen kwaikwayo ce ta babbar majami'a, ko kuwa tana da nata tsari?

1. Asalin sunan

Maginan ƙarni na 11 ba su san aikinsu da wannan suna ba. A cikin 1818 ne wani masanin kayan tarihi na Normandie, Charles de Gerville, ya kawo shawarar kalmar a wata wasiƙa da ya aika wa Auguste Le Prévost, daga baya Arcisse de Caumont ya yaɗa ta cikin darussansa. Daga nazarin harsuna Gerville ya aro ta. A ganinsa, kamar yadda Latinanci ya lalace a bakin talakawa har ya haifi harsunan « roman », haka ginin Rumawa ya lalace a hannun maginan da suka biyo baya har ya haifi waɗannan majami'u masu kauri da duhu.

Ke nan tun ranar da aka raɗa sunan akwai hukunci a cikinsa. Ilimin harsuna ya daɗe da yar da wannan ra'ayi. Tun daga nahawun kwatance na Friedrich Diez, wanda ya fara fitowa a 1836, an gane cewa Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci harsuna ne masu ƙa'idojin kansu, waɗanda suka sauya bisa tsari. Mu da muka sha jin ana ce wa karin harshen ƙauye ɓatacciyar Hausa mun san yadda irin wannan hukunci yake daɗewa bayan hujjarsa ta faɗi.

Duk da haka kwatancin bai rasa tushe ba. A 813 taron limaman Kirista na Tours ya umurci a riƙa yin wa'azi da harshen talakawa, saboda jama'a ta daina fahimtar Latinanci. Majami'ar ƙauye ita ce wurin da harsunan biyu suke haɗuwa kowace Lahadi: addu'a da Latinanci, wa'azi da harshen gida. Sunayen garuruwan ma suna ɗauke da wannan tarihi, domin « -y » da ke ƙarshen Cluny da Marcigny ragowar ɗafa-ƙeyar « -acum » ce ta zamanin Rumawa.

2. Su wa suka gina, kuma da wace dukiya?

Wani marubuci ɗan Bourgogne, Raoul Glaber, ya shaida cewa jim kaɗan bayan shekara ta 1000 mutanen Italiya da na Faransa sun duƙufa ga sabunta majami'unsu, har da na ƙananan ƙauyuka. Dalilan suna da yawa. Hare-haren Vikin da na Hungarawa sun lafa, jama'a ta ƙaru, an sare dazuzzuka an faɗaɗa gonaki. Ushirin amfanin gona, wanda ake biya wa majami'a, ya ƙaru tare da su.

Dalili na biyu ya shafi mallaka. Kafin wannan zamani majami'un ƙauye da yawa dukiyar sarakunan gargajiya ce: su suke naɗa limami, su suke cin ushiri. Gyaran da ake danganta wa Fafaroma Gregori na 7 (1073-1085) ya matsa musu su sake su. Da yawa sun miƙa su ga bishop ko ga gidajen ruhubanawa, waɗanda suke da dukiya da tsari da kuma hanyar samun gwanayen magina.

Mafi girma cikin waɗannan gidaje shi ne Cluny, wanda aka kafa a 910, gabas da Brionnais. Shugabansa daga 1049 zuwa 1109, Hugues, ɗan gidan sarautar Semur-en-Brionnais ne, a nan aka haife shi a 1024. Wajen 1055 shi da ɗan'uwansa Geoffroy suka kafa gidan mata masu ibada na farko na Cluny a Marcigny, bisa ƙasar iyalinsu. A 1088 ya aza harsashin babbar majami'ar Cluny ta uku, mai tsawon mita 187, wadda babu kamarta a duniyar Kirista har sai da aka sake gina ta Bitrus a Rum. Majami'ar Paray-le-Monial, a bakin arewacin yankin, wadda aka sabunta a zamaninsa, ita ce ke nuna mana siffar Cluny a ƙaramin awo.

Amma kuskure ne a jingina kome ga Cluny. Gidan Anzy-le-Duc, wanda aka kafa a ƙarni na 9, na ƙarƙashin Saint-Martin na Autun ne. Arzikinsa ya zo daga masu ziyarar kabarin shugabansa na farko, Hugues na Poitiers, wanda ya rasu wajen 930. Wato a cikin wannan ɗan yanki akwai iyayen gida daban-daban, kowane da nasa buri, kuma gasar da ke tsakaninsu ta bayyana a jikin dutse.

3. Nauyin dutse da dabarun magina

Fasalin majami'ar ƙauye mai sauƙi ne. Ƙofa tana yamma, sai dogon zaure inda jama'a ke tsayawa, sai wani ɗaki mai kusurwa huɗu wanda hasumiyar ƙararrawa ke bisansa, sai ƙuryar gabas mai siffar rabin da'ira inda bagadi yake. A ƙananan ƙauyuka zauren jama'a da katako ake rufe shi. Wajen bagadi kaɗai ake yi wa rufin dutse. Inda akwai hali, sai a rufe duka da dutse, saboda gobara, da amon waƙa, da kuma martaba.

A nan dole mu yi hattara da kalmomi. Mun fassara « arc » da baka, amma bakan maginin Hausa da azara ake ɗaure shi, hawa bisa hawa, sannan a yaɓe da ƙasa, don haka itacen da ke ciki yana riƙe da shi. Bakan dutse ba shi da ƙashi a ciki. Duwatsu ne da aka sassaƙa, sama da faɗi ƙasa da tsini, aka jera su bisa wani gwadabe na katako. Sai an saka na tsakiya sannan a janye katakon. Kowane dutse yana danne maƙwabcinsa, nauyin yana gangarowa ƙasa, yana kuma tura bango waje. Wannan turi shi ne babbar matsalar maginin « roman ». Shi ya sa bango ya yi kauri, aka tokare shi da ginshiƙai daga waje, tagogi suka zama ƙanana.

Maginan Brionnais sun ba wannan matsala amsa uku, kuma ana iya ganinsu duka a yini ɗaya.

A Iguerande an bi hanyar taka-tsantsan. Rufin zauren tsakiya dogon baka ne guda, kamar an tsaga ganga biyu an kifa, kuma ƙananan zaurukan da ke gefe su ne ke tokare shi. Ba a huda tagogi a saman bangon tsakiya ba. Ginin gajere ne, mai ƙarfi, mai duhu.

A Anzy-le-Duc, a ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 12, an raba zauren gida-gida, kowane gida aka rufe shi da bakuna biyu masu gicciye juna. Ta haka nauyi yana taruwa a kusurwa huɗu, ya sauka bisa ginshiƙai, bangon da ke tsakani ya samu sauƙi har a huda masa taga a sama. Masana da dama suna ganin wannan tsari ne aka faɗaɗa daga baya a babbar majami'ar Vézelay. Idan haka ne, a nan ƙauye ne ya riga babban wuri.

A Semur, ƴan kilomitoci daga Anzy, majami'ar Saint-Hilaire ta ƙarni na 12 ta bi Cluny: baka mai tsini, wanda turinsa waje bai kai na mai da'ira ba, da bango mai hawa uku. Har ɗan barandar da ke lanƙaye bisa ƙofar yamma daga ciki kwaikwayon ta Cluny ce.

Dutsen wuri ma yana da ta cewa. A gefen Loire akwai dutsen farar ƙasa mai ruwan zuma, mai taushin sassaƙa. Shi ya ba Anzy kawunan ginshiƙanta kimanin 40, inda ake ganin Daniyel cikin ramin zakuna da Mika'ilu yana yaƙar Shaiɗan, tare da ganyaye da namun daji. A Montceaux-l'Étoile, hoton hawan Almasihu sama da manzanninsa a ƙasa, duka daga dutse guda aka fitar da shi bisa ƙofa. A Varenne-l'Arconce kuwa, inda aka yi aiki da dutsen rairayi mai gardama, adon kaɗan ne. Ba gwaninta ce ta gaza ba, dutsen ne ya ƙi.

4. Abin da ya rage

Abin mamaki shi ne uwa ta faɗi, ƴaƴa suka tsaya. Bayan juyin juya hali na 1789 an sayar da babbar majami'ar Cluny a 1798, aka mayar da ita mahaƙar dutse har cikin shekarun 1820. Ɗan sashe kawai ya rage. Majami'un ƙauye sun tsira saboda jama'a tana bukatarsu, ko da yake ba su tsira lafiya lau ba. A Saint-Julien-de-Jonzy an farfasa kawunan mutanen da aka sassaƙa bisa ƙofa. A ƙarni na 19, da jama'ar karkara ta yi yawa, an rushe zaurukan majami'u da dama an gina manya, aka bar hasumiya ko ƙuryar gabas ko ƙofa kaɗai. Saboda haka mai nazari dole ya karanta bango kamar tsohon rubutun da hannu da yawa suka gyara.

Kariyar hukuma ta fara a wannan ƙarni: an naɗa Prosper Mérimée mai duba gine-ginen tarihi a 1834, jerin farko na gine-ginen da za a kiyaye ya fito a 1840, dokar kariya ta biyo a 1913. Dokar raba addini da gwamnati ta 1905, da wadda ta cika ta a 1907, sun bar majami'un ƙauye da aka gina kafin lokacin a hannun komin. Ma'anar wannan ita ce, magajin garin Anzy ko na Semur, inda mazauna ba su kai 1000 ba, shi ke da alhakin rufin da ya shekara 900. Gwamnati tana tallafa wa waɗanda aka yi wa rajista, amma masu ibada sun ragu, limami ɗaya yana zagaya ƙauyuka da yawa, kuma ƙofar da ba a buɗewa ba a saurin ganin yoyonta.

Kammalawa

Mun ga cewa sunan « roman » ya zo da zargin lalacewa, kuma gine-ginen Brionnais ba su gaskata zargin ba. Iguerande da Anzy da Semur sun fuskanci matsala ɗaya, kowace ta warware ta gwargwadon dutsenta da dukiyarta da uban gidanta. Ɗaya ta ari salon Cluny, ɗaya ta yiwu ta ba Vézelay nata. Wannan ya fi kama da abin da muka sani game da kare-karen harshe, inda sabon abu yake iya tasowa daga gefe ya shiga tsakiya.

Sai dai kada mu ja kwatancin fiye da ƙima. Harshe yana sauyawa ba da shawarar kowa ba, gini kuwa sai wani ya yi niyya, ya biya, ya ɗauko magina. Haka kuma ba ya tsayuwa sai wani ya ci gaba da biya. Tambayar da ke gaban ƙauyukan Brionnais a yau ita ce wadda ke gabansu a ƙarni na 11: wa zai ɗauki nauyin dutsen?