Daga Kaduna Zuwa Rabat: Tarihin Super Falcons Da Rabonmu A Cikinsa

Duk wanda ya zaga gidajen kallon ƙwallo na Suleja ranar Asabar, daga Madalla har Kwamba, ya san yadda ake cika idan Arsenal ko Chelsea za su buga. Amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya lissafa 'yan wasa biyar na Super Falcons, alhali babu wata tawagar ƙwallo a ƙasar nan da ta kai su ɗauko kofi. Wasu na cewa ai ƙwallon mata harkar mutanen Kudu ce, ba ruwanmu. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba.

A shekarar 1991 hukumar FIFA ta shirya gasar cin kofin duniya ta mata karo na farko a ƙasar Sin. Najeriya ce kaɗai ta wakilci Afirka. An doke ta a duk wasanninta uku, ko ƙwallo ɗaya ba ta ci ba. Amma tun daga lokacin ba a taɓa yin gasar babu ita ba, sau tara ke nan a jere.

A 1998 aka fara tara ƙasashen Afirka wuri ɗaya domin gasar mata, kuma garuruwa biyu ne suka karɓi baƙuncinta: Kaduna da Abeokuta. Wato a Arewa aka buga wani ɓangare na gasar farko. Najeriya ta ɗauki kofin bayan ta doke Ghana da ci 2-0.

Mai horar da tawagar a wancan zamani shi ne marigayi Isma'ila Mabo, mutumin Jos, tsohon ɗan wasan Mighty Jets. Shi ya kai su Amurka a 1999, inda suka doke Koriya ta Arewa da Denmark, suka isa wasan kusa da na kusa da na ƙarshe. A nan suka haɗu da Brazil. Kafin hutun rabin lokaci an zura musu uku, suna dawowa suka farke ukun duka, sai a ƙarin lokaci Brazil ta samu ta huɗu. Har yau babu ƙasar Afirka da ta sake kaiwa wannan mataki a kofin duniya na mata. Mabo ya rasu a 2023, Allah Ya jiƙansa.

A 2003 kuwa abin ya zo mana har ƙofar gida. Abuja ta karɓi wasannin ƙasashen Afirka da aka fi sani da COJA, aka sa ƙwallon mata a ciki karo na farko, kuma 'yan matan Najeriya suka ɗauki zinare bayan sun doke Afirka ta Kudu.

Sai dai nasara ba ta hana su shan wahala ba. A 2004, bayan sun ci kofi a Afirka ta Kudu, sun ƙi barin masaukinsu saboda ba a biya su alawus ba. A Disambar 2016 sun doke Kamaru da ci 1-0 a gaban jama'arta a Yawunde, suka dawo Abuja suka yi zaman dirshan a otal, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Dokoki ta Ƙasa riƙe da kwalaye kafin a saurare su. A 2019 ma an sake irin wannan a Faransa. Abin lura a nan shi ne, mahukunta suna saurin biyan wanda jama'a ke kallo. Tawagar da ba ta da masu bibiya, hakkinta ne ke fara maƙalewa a ofis.

Wanda ya kalli gasar 2023 ba zai manta da ita ba. Mai tsaron raga Chiamaka Nnadozie ta tare bugun fenaretin Christine Sinclair, aka tashi canjaras da Kanada. Suka doke mai masaukin baƙi Ostireliya da ci 3-2 a Brisbane, Asisat Oshoala ce ta ci ta uku. Ingila ba ta iya cin su ba a minti 120, sai a bugun fenareti ta fitar da su. Oshoala ɗin nan sau shida ana zaɓenta gwarzuwar 'yar wasan Afirka.

A wannan gasa ne kuma aka ga abin da ya shafi babbar damuwar iyaye a wajenmu, wato sutura. A 2007 an hana buga wasa da hijabi, sai a 2014 aka ɗage haramcin baki ɗaya. A ranar 30 ga Yulin 2023, Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga kofin duniya na manya sanye da hijabi. Saboda haka dokar wasa ba ta tilasta wa 'yar kowa ta zaɓi tsakanin ƙwallo da suturarta.

Sai ranar 26 ga Yulin 2025 a Rabat. Maroko tana gida, ta ci biyu kafin hutu. Esther Okoronkwo ta rama ɗaya da fenareti, Folashade Ijamilusi ta farke, Jennifer Echegini ta ci ta uku dab da tashi. Kofi na goma ke nan tun daga 1998. Wa ya jagorance su? Justine Madugu, ɗan jihar Adamawa. Daga Mabo zuwa Madugu, hannun ɗan Arewa bai bar wannan tarihi ba.

Mu mutanen Suleja bai kamata a tuna mana cewa mace na iya ɗaga sunan ƙasa ba. A garin nan Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane a 1954, mace ta farko a wurin, aikin hannunta ya kai ta Ingila da Amurka, yau ga hotonta a bayan takardar naira 20. Wanda ya yi alfahari da tukunyar Ladi Kwali ba shi da dalilin raina kofin Falcons.

To me ya rage mana? Masu gidajen kallo su riƙa rubuta wasannin Falcons a allo kamar yadda suke rubuta na Firimiya, domin abin da ba a sanar ba, ba a zuwa kallonsa. Wanda ke da talabijin a gida ya bar mata da yara su kalla. Idan an buga wasa a babban filin Abuja, ba mu da uzurin nisa. Mu san cewa akwai ƙungiyoyi kusa da mu a gasar mata ta ƙasa, irin su Nasarawa Amazons da Adamawa Queens. Makarantun 'yan mata kuma su ware fili da lokaci da kayan wasa na mutunci, tare da malamai mata, don iyaye su samu natsuwa. Idan kuma aka sake hana 'yan wasan hakkinsu, mu yi magana kamar yadda muke yi idan na Super Eagles ne.

Gasar duniya ta gaba a Brazil za a yi ta a 2027. Kafin lokacin, ya kamata kowane mai son ƙwallo a Suleja ya iya kiran sunayen 'yan wasan ƙasarsa. Allah Ya taimaki Najeriya, Ya ba 'ya'yanmu sa'a.