The Legend of Zelda: Wasan da Masoyansa Suka Daɗe Suna Sauya Hukunci a Kansa

The Legend of Zelda jerin wasannin bidiyo ne na kasada da bincike, mallakar kamfanin Nintendo da ke birnin Kiyoto a ƙasar Japan. Na farkonsu ya fito ne ranar 21 ga Fabrairu, 1986, kuma manyan wasannin da suka biyo bayansa sun kai ashirin. Labarin kusan guda ne ake ta maimaitawa: wani saurayi mai suna Link yakan ɗauki takobi da garkuwa, ya ratsa dazuzzuka da koguna da gidajen ƙarƙashin ƙasa na masarautar Hyrule, domin ya taimaki Gimbiya Zelda wajen karya lagon wani azzalumi da ake kira Ganon. Sabon shiga yakan zaci jarumin ne Zelda, abin da tsofaffin masoya ba sa gajiya da gyarawa.

Wasan ya daɗe har waɗanda suka fara buga shi suna yara sun zama iyaye, wasu ma kakanni. Sai dai idan suka waiwayi shekarun da suka wuce, da wuya bakinsu ya zo ɗaya kan wanne ne Zelda na ainihi, kuma hukuncin da suke yanke wa wasa a shekarar fitowarsa sau da yawa ba shi ne suke tsayawa a kai ba bayan shekara goma.

Asali

Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka ne suka ƙirƙiro wasan, Koji Kondo kuma ya tsara kiɗansa. An haifi Miyamoto a 1952 a garin Sonobe da ke yankin Kiyoto, kuma ya sha bayyana cewa yawon da ya yi yana yaro a tsaunuka da kogunan ƙauyensu shi ne tushen wasan. Ya ɗauko sunan gimbiyar daga Zelda Fitzgerald, matar marubucin nan na Amurka, F. Scott Fitzgerald.

Wasan farko ba ya jan hannun kowa. Ana ajiye ɗan wasa a tsakiyar fili ba makami ba jagora, sai wani kogo a gabansa, inda wani dattijo zai miƙa masa takobi idan ya shiga. Daga nan kowa tasa ta fisshe shi. Akwai ƙofofin da ba a ganinsu sai an fasa dutse da bam ko an ƙone wata bishiya, kuma da yake babu intanet, yara a makaranta suke musayar sirrin da kowa ya gano. Da aka kai wasan Amurka a 1987, an sayar da shi cikin kaset mai launin zinariya wanda aka saka wa batir a ciki domin ya adana inda mutum ya tsaya, abin da bai zama ruwan dare ba a lokacin. Wannan ya mayar da shi wasan makonni maimakon na zama ɗaya. Shi ya sa ma bai dace da irin gidajen wasan da aka sani a biranen Najeriya ba, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a PlayStation a tashi a ba wani; Zelda na buƙatar mutum da na'urarsa da kuma lokacinsa.

Na biyu, Zelda II na 1987, ya sauya salo gaba ɗaya, ya kuma yi tsauri har masoya da dama suna ɗaukarsa bare a cikin dangi. A Link to the Past na 1991 ne ya kafa tsarin da aka bi na tsawon shekaru fiye da ashirin: a shiga gidan ƙarƙashin ƙasa, a warware dabarun da ke cikinsa, a samo sabon kayan aiki, a kashe dodon wurin da shi, sannan kayan ya buɗe hanyar zuwa gida na gaba.

Ocarina of Time da nauyin suna

A watan Nuwamba na 1998 aka fitar da Ocarina of Time a kan na'urar Nintendo 64, wasa na farko a jerin da ɗan wasa ke iya juyawa ya dubi kowace kusurwa kamar yana tsaye a wurin. Matsalar irin waɗannan wasanni a lokacin ita ce yadda mutum zai sari abokin gaba ba tare da ya rasa inda yake ba. Masu wasan suka ƙirƙiro dabarar danna maɓalli guda wanda zai kafe idon Link a kan abokin faɗansa, dabarar da kamfanoni da yawa suka kwaikwaya daga baya. An sayar da kwafi fiye da miliyan 7, kuma a shafin Metacritic, mai tattara makin da masu sharhi ke bai wa wasanni, yana da 99 cikin 100, mafi girma da wani wasa ya taɓa samu.

Duk da wannan martaba, abin da masoya suka fi tunawa da shi cikin raha da takaici shi ne Haikalin Ruwa, inda ake ta ɗaga ruwa ana sauke shi, ana tsayar da wasa kowane ɗan lokaci don sanya takalman ƙarfe ko cire su. Eiji Aonuma, wanda ya tsara wurin kuma daga baya ya zama jagoran jerin baki ɗaya, ya amsa cewa ya wahalar da mutane, aka kuma sassauta lamarin a sabon bugun 2011.

Akwai wani gyara da ya shafi Musulmi kai tsaye. Kasetocin farko suna ɗauke da wani sauti a kiɗan Haikalin Wuta mai kalmomin addinin Musulunci, wanda aka ɗauko daga tarin sautukan da ake sayar wa mawaƙa. Nintendo ya cire shi a bugun da suka biyo baya, ya kuma sauya alamar jinjirin wata da tauraro da aka bai wa ƙabilar Gerudo ta cikin wasan. Kamfanin ya daɗe yana kauce wa alamomin addinan gaske; ko gicciyen da ke kan garkuwar Link a wasannin farko an daina sanya shi.

Wasan da aka ƙi, aka dawo aka so

Babu misalin da ya fi The Wind Waker nuna yadda ra'ayin masoya ke juyawa. A shekarar 2000, wajen wani baje koli na kamfanin, an nuna ɗan gajeren hoton Link yana fafatawa da Ganondorf cikin siffa mai kama da mutanen gaske, masoya suka sa rai cewa haka wasa na gaba zai kasance. Da aka buɗe labule a 2001, sai ga wani ɗan yaro mai ƙaton kai da manyan idanu, an zana shi kamar katun ɗin yara. Fushin ya fi ƙarfi a Amurka da Turai, inda matasan da suka girma da Ocarina of Time suka ga kamar an raina musu hankali. Wasan ya fito a Japan a ƙarshen 2002, sauran ƙasashe a 2003, kuma cinikinsa bai kai miliyan 5 ba, kodayake na'urar GameCube da yake kanta ita ma ba ta yi kasuwa sosai ba.

Nintendo ya saurari koken. Twilight Princess na 2006 ya zo da duhu da siffofi na manya, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Amma da shekaru suka ja, sai ma'auni ya karkata. Hotunan da aka yi don su yi kama da gaske sun tsufa da na'urorin zamaninsu, zanen The Wind Waker kuwa ya zauna daram, domin tun farko bai yi gasa da gaskiya ba. Lokacin da aka sake fitar da shi a 2013, da yawa daga cikin masu zaginsa a da su ne a sahun gaba wajen yabo. Gaskiya ne yana da rauni, musamman dogon yawon neman gutsattsarin Triforce a teku dab da ƙarshe, wanda aka taƙaita a sabon bugun, amma ba wannan ne ya jawo masa baƙin jini da fari ba.

Majora's Mask na 2000 ma ya bi irin wannan hanya. An haɗa shi cikin kusan shekara guda, labarinsa kuwa na wani gari ne da wata zai faɗo masa cikin kwana uku, ɗan wasa yana ta mayar da lokaci baya yana kallon yadda kowane mazaunin garin ke fuskantar ajalinsa. Yara da yawa sun gan shi a matsayin wasa mai takura da ban tsoro. Da suka girma suka san rashi da makoki, sai ya zama abin da suka fi yin rubutu a kansa. A wajen masoya har akwai suna da suke kiran wannan ɗabi'a da shi, wato zagayen Zelda: a soki sabo, a yabi na baya, sai wani sabon ya fito a ɗaga darajar wanda aka soka.

Rigimar salsala

Shekaru da dama masoya sun yi ta jayayya a kan yadda labaran ke haɗuwa, tunda Link da Zelda na kowane wasa galibi ba su ne na wancan ba, magada ne a wani zamani daban. A 2011, lokacin cikar jerin shekaru 25, an wallafa littafin Hyrule Historia, wanda ya ce Skyward Sword ne farkon labari, kuma tarihin ya rabu gida uku bayan Ocarina of Time, ciki har da reshen da Link ya sha kaye. Kusan babu wanda ya hango wannan reshe na ukun. Maimakon littafin ya kashe wutar, sai ya ƙara mata itace, domin masu yin wasan ba su ɓoye cewa yadda za a buga shi suke fara tsarawa ba, labari ya biyo baya.

Komawa ga asali, da abin da aka rasa

Skyward Sword ya sha suka kan yawan jagora da matse hanya, kuma a wannan karon kamfanin ya yi gyara mai girma. Breath of the Wild, wanda Hidemaro Fujibayashi ya jagoranta, ya fito ranar 3 ga Maris, 2017, tare da na'urar Switch. An rushe tsarin 1991: duk dutsen da ido ya hango ana iya hawansa, kuma wanda ya ga dama yana iya nufar Ganon bayan ya kammala sashen farko. An sayar da kwafi fiye da miliyan 30, adadin da ya ninka na kowane wasa da ya gabace shi sau da yawa. Tears of the Kingdom na Mayun 2023 ya sayar da miliyan 10 cikin kwana uku.

Wannan nasara ce ta raba masoya gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa an koma ga ruhin 1986, lokacin da ake sakin mutum ya ɓata ya kuma gano hanya da kansa. Ɗaya ɓangaren, galibi 'yan zamanin Ocarina of Time, na kukan cewa an rasa manyan gidajen ƙarƙashin ƙasa masu tsari, da labari mai tafiya daki-daki, ga kuma makamai da ke karyewa bayan 'yan sara kaɗan. Kowannensu yana da hujja, kuma idan aka lura da kyau, kowa na kare wasan da ya fara haɗuwa da shi ne yana ɗan shekara goma. Yanzu ma da yawa daga cikin masu buga Zelda ta ƙofar 2017 suka shigo, ba su san abin da ake kewa ba.

A 2024 aka fitar da Echoes of Wisdom, babban wasa na farko daga Nintendo da Gimbiya Zelda ce jarumarsa, bayan shekaru 38 sunanta na kan kwali. An kuma sanar da fim na mutane na gaske tare da haɗin gwiwar kamfanin Sony, ƙarƙashin darakta Wes Ball.

Wa ke riƙe da tsofaffin wasannin

Waiwaye na buƙatar abin da za a waiwaya, kuma nan ne damuwar masoya ta fi tsanani. Batiran da ke cikin kasetocin 1987 suna mutuwa, idan suka mutu kuwa duk abin da aka adana ya tafi. A Maris na 2023 Nintendo ya rufe kantunansa na intanet na na'urorin Wii U da 3DS, inda nan ne ake sayen tsofaffin wasannin Zelda da dama. Wasu sun dawo a kan Switch, amma ta hanyar biyan kuɗin shiga na wata ko na shekara, wato haya ce ba mallaka ba; ranar da aka daina biya, ko kamfani ya janye, shi ke nan. Na asalin kuwa sun zama kayan masu tara tarihi: a Yulin 2021 an yi gwanjon kwafin wasan farko da ba a taɓa buɗe kwalinsa ba a kan dala 870,000 a Amurka.

Saboda haka masoya suka ɗauki wani ɓangare na aikin adanawa a kansu, duk da cewa Nintendo ya yi ƙaurin suna wajen rufe ayyukan da aka yi da kayansa ba da izini ba. Wasannin Zelda da aka watsa ta tauraron ɗan adam a Japan daga 1995, ta wata na'ura mai suna Satellaview, kamfanin bai sake fitar da su ba. Abin da ya rage daga cikinsu masoya ne suka tsinto daga tsofaffin kasetoci suka harhaɗa. A 2021 wata ƙungiyar masu sa kai ta kammala warware rubutun kwamfutar da aka gina Ocarina of Time da shi, bayan aikin kusan shekara biyu, abin da ya ba da damar buga shi a kwamfuta. Wasu kuma sun mayar da shi filin tsere: wasan da yakan ci mutum awa talatin, gwanaye na amfani da kurakuran da ke cikinsa su kai ƙarshe cikin ƙasa da minti goma, kuma a tarukan Games Done Quick na Amurka ana yin irin wannan tsere a gaban 'yan kallo ana tara kuɗi domin ƙungiyoyin agaji.