Yadda Rotary Ta Fara Horar da Shugabannin Shekara Ɗaya

Ranar 1 ga Yuli ta kowace shekara ake canjin hannu a ƙungiyar Rotary. Shugaban kulob ya sauka, gwamnan gunduma ya sauka, shugaban duniya ma ya tattara nasa ya nasa ya ba wani wuri. Ƙungiya ce mai mambobi sama da miliyan ɗaya da gundumomi fiye da 500, amma wa'adin waɗannan shugabanni, babba da ƙarami, shekara ɗaya ne tak. Wannan ƙa'ida ita ce ta haifi duk tsarin horon da ake gani a yau, domin wanda aka ba wata goma sha biyu ba shi da lokacin koyon aiki a kan kujera.

Da farko ba a bukaci wani horo ba. Ranar 23 ga Fabrairun 1905 wani lauya, Paul Harris, ya zauna da abokansa uku a wani ofis a birnin Shikago na Amurka: ɗaya dillalin kwal, ɗaya injiniyan ma'adinai, ɗaya tela. Zumunci suke nema da kuma ciniki a tsakaninsu, suna zagaya taron daga ofishin wannan zuwa na wancan. Sai a 1907 suka sa hannu a aikin gayya na farko, wato samar wa jama'ar birnin bayan gida.

Yaɗuwa ce ta kawo matsala. An buɗe kulob na biyu a San Francisco a 1908, zuwa 1910 sun kai 16, suka haɗu suka kafa ƙungiya ta ƙasa, suka naɗa Chesley Perry sakatare, muƙamin da ya riƙe har 1942. Kafin a ankara abin ya tsallaka Kanada, ya kai Dublin da Landan. Sakatare ɗaya a Shikago ba zai iya bin kowane sabon shugaba da wasiƙa yana nuna masa yadda ake tafiyar da taro ko riƙe littafin kuɗi ba. Don haka a 1915 aka karkasa kulob-kulob zuwa gundumomi, kowace da gwamnanta. To amma shi gwamnan ma ɗan sa-kai ne, mai shagonsa ko asibitinsa, kuma shi ma shekara ɗaya zai yi. Wa zai koya masa? Amsar ta zo a 1919, lokacin da aka fara tara gwamnoni masu jiran gado a Shikago. Taron nan yana nan har gobe; ya daɗe ana yinsa a Lake Placid, daga baya San Diego, a 'yan shekarun nan kuma Orlando.

A nan ne dabarar take, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ana zaɓen gwamna tun saura aƙalla shekara biyu ya hau. A farkon shekarar da zai karɓi aiki sai ya tafi wancan babban taro, ya yi kwanaki cikin ƙananan ajujuwa tare da takwarorinsa na wasu ƙasashe, ana yi musu tafinta. Yana dawowa gida, shi da jami'in da ya naɗa don kula da horo a gunduma sai su fara da mataimakansa. Daga nan, wajen Fabrairu ko Maris, a kira shugabannin kulob masu jiran gado zuwa bitar da 'yan ƙungiyar suka daɗe suna kira PETS. Bayan su sai sakatarori da ma'aji da shugabannin kwamitoci, kowa a ajinsa: ma'aji ana nuna masa kasafin kuɗi da lokacin biyan kuɗin mambobi, sakatare ana nuna masa rajista da rahoto. Kafin Yuli kowa ya san inda zai sa ƙafa. Ba kuma ganin dama ba ne. Tsarin mulkin kulob ya ce zaɓaɓɓen shugaban da ya ƙi halartar bitar, ba tare da uzurin da gwamna mai jiran gado ya amince da shi ba, ba zai hau kujerar ba.

Duk da haka an bar giɓi, domin wannan horo na masu muƙami ne kawai. Mamba na gama-gari sai ya yi shekaru yana cin abinci a taron mako bai san yadda ƙungiyar ke tafiya ba. Ba daga hedikwatar ƙungiyar da ke Evanston gyaran ya fito ba. A 1992 wani tsohon gwamna, David Linett, ya fara wata makarantar shugabanci a gundumarsa ta New Jersey, wadda kowane kulob zai iya tura mamban da ya ga alamar zai yi amfani. Malami ba ya tsayawa yana zuba. Tambaya yake jefawa, ɗalibai su yi ta musayar ra'ayi. Gundumomi da dama a duniya sun ɗauka. Matasa kuwa nasu horon ya riga wannan, ya samo asali a Queensland ta Ostireliya a 1959, uwar ƙungiya ta rungume shi a 1971.

Mutumin Arewa yana da rabo a wannan tarihi, ko da yake ba kowa ya sani ba. Kulob na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi a 1961, kafin Legas da Ibadan. Daga wannan kulob ɗin ne Jonathan Majiyagbe, babban lauyan da ya yi rayuwar aikinsa a Kano, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya har ya zama shugaban Rotary na duniya a 2003 zuwa 2004, ɗan Afirka na farko da ya kai nan.

Tsarin bai rasa aibi ba. Yana cin kuɗi, otal da mota da rajista, shi ya sa ake yi wa ƙungiyar kallon ta masu hannu da shuni. Sannan shekara ɗaya ta yi kaɗan ga babban aiki, wani sabon shugaba yakan yi watsi da abin da na baya ya faro don ya kafa nasa suna. Amma idan mutum ya dubi ƙungiyoyinmu na cigaban gari da na tsofaffin ɗalibai, inda ciyaman kan yi shekara ashirin, ya rasu da takardun banki a aljihun babbar rigarsa, zai ga abin da ya kamata a ara. Ba sai an je Orlando ba. Ku zaɓi magaji tun da sauran wa'adi, ku ware masa Asabar ɗaya a ajin firamare, tsohon ma'aji ya zauna da sabo su buɗe littafin kuɗi shafi-shafi.