Ƙofa ce ke tona asirin aiki

Duk wanda ya koyi haɗa hot rod, wato tsohuwar motar da aka gyara don gudu, a garejojin kudancin Kalifoniya, shasin Ford na 1932 aka fara nuna masa. A shekarar ce Ford ta fito da injin V8 mai ƙarfin doki 65. Samarin da ke tsere a busassun tafkunan Muroc da El Mirage sai suka riƙa ɗauko tsohon bodin Model A, na 1928 zuwa 1931, wanda ake samu da araha, suna ɗora shi a kan wannan shasi. 

Tun lokacin ra'ayi ya rabu. Wasu na zaunar da bodi a saman shasi, gefen ƙarfen yana bayyane. Wasu kuma su yanke daɓen motar, su sauke bodin ya rufe shasi, mota ta kwanta ƙasa. Ni ina tare da na farko: shasin 1932 yana da kyawun da bai kamata a ɓoye ba, kuma direba ba ya zama a takure.

Matsalar ta girma ne bayan 1955, da ƙaramin V8 na Chevrolet ya shigo gareji. Tsohon shasi buɗe yake ta ciki, yana murɗewa idan inji ya yi ƙarfi. Maganinmu shi ne a yi masa waldar faifan ƙarfe ta ciki ya koma kamar akwati, a ƙara ƙarafan gicciye a tsakiya. Amma walda na jan ƙarfe. Wanda ya yi ta a tashi ɗaya, bai ɗaure shasin ba, bai bari ya huce ba, zai same shi a karkace.

Shasin da aka ƙarfafa kuwa ba ya sassauta wa bodi. A da akwai gutsattsarin katako da ɗamarar zane a tsakaninsu. Yanzu roba muke sawa da siraran ƙarafa, muna ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya, muna gwada ƙofa. Na taɓa ɗaure duka gaba ɗaya don gaggawa, ƙofar hagu ta ƙi rufuwa, na kwance komai na sake.

Kai mai koyo, kada ka kira mai fenti sai ƙofofin biyu sun rufu da yatsa ɗaya.