Gano Asalin Zuma ta Ma'adinanta

Gano asalin zuma fanni ne na binciken abinci da ke tantance yankin da aka ɗebo zuma ta hanyar awon abin da ke cikinta. Masu amya a ƙasar Hausa sun daɗe da nasu awon, wato launi da ƙamshi da kauri, kuma gwaninsu yakan faɗi ko furen ɗorawa ƙudan ya sha ko na magarya. Amma harshe ba ya zama shaida a kotu.

A 1895 wani masani mai suna Pfister ya fara duba ƙurar furen da ke cikin zuma da madubin ƙara girma, domin kowane tsiro da siffar ƙurarsa. Bajamushe Enoch Zander ya faɗaɗa aikin daga 1935. Raunin hanyar shi ne ana iya tace ƙurar, kuma 'yan algus sun gane haka. Bayan Amurka ta ɗora wa zumar Sin haraji mai nauyi a 2001, sai aka riƙa tace ta ana bi da ita ta wasu ƙasashe da sabon suna.

Ma'adinai kuwa ba sa tatuwa. Saiwa ce ke zuƙo su daga ƙasa, su shiga ruwan fure, ƙudan zuma ya kai su amya. A 1932 Schuette da Remy na Jami'ar Wisconsin suka nuna cewa baƙar zuma ta fi fara yawan ma'adinai. Adadin dai kaɗan ne, daga kimanin kashi 0.04 cikin ɗari a fara zuwa 0.2 a baƙa, kuma fotashiyam, sinadarin nan na ruwan toka, shi ya fi rinjaye. Sai da na'urar ICP-MS ta shigo kasuwa a 1983 aka samu damar auna sinadarai da dama a lokaci guda, har waɗanda ba su kai ɗigo ba. Duk da haka awon ba ya faɗin sunan gari da kansa. Dole a tara samfurin zumar yankin da aka tabbatar da asalinta, a riƙa gwadawa da shi.

Daga nan fannin ya yi rassa. Tunda ƙudan zuma yakan yi kiwo kilomita biyu zuwa uku daga amya, ƙura na manne masa, zumarsa kan ba da labarin gurɓatar wurin. A 2019 masana a Vancouver ta Kanada sun bi sawun dalmar da ke cikin zumar birnin har zuwa unguwannin da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Bayan gobarar cocin Notre-Dame a shekarar, an tarar dalma ta ƙaru a zumar amyoyin Faris da hayaƙin ya bi ta kansu.

Wannan reshe ne ya shafi yammacin Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma a Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum da Dareta ta Anka, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, wani lokaci da injin niƙan hatsi. Yara kusan 400 suka rasu a yankin. A wasu gidajen dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 10 cikin ɗari. Yargalma da Dareta aka fara kwashe wa gurɓatacciyar ƙasa a daminar 2010, ƙauyen Bagega kuwa sai 2013.

Kwashe ƙasar tsakar gida bai kai daji da bakin rafi ba, inda ƙudan zuma ke kiwo da shan ruwa. Awon zumar amyoyin irin wannan wuri hanya ce mai sauƙi ta sanin ko ƙurar na nan, kuma tsarin ƙwayoyin dalmar na iya bambanta ta dutsen zinariya da ta tsohon gwangwanin da aka zuba zumar. Tun 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa dalma kada ta wuce miligiram 0.10 a kilo ɗaya na zuma.